Yadda ake samun nisa a jifan tsaye na wasan golf ɗin faifai

Wasan golf ɗin faifai, wanda ake jifa da faifan roba har ya shiga kwando, ya kafu ne a Amurka a shekarun 1970, lokacin da Ed Headrick ya ƙera kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, ya kuma kafa ƙungiyar 'yan wasan, wato PDGA, a 1976. Yawancin 'yan wasa sukan ɗauki taku uku ko huɗu kafin su saki faifai. Jifan tsaye kuwa babu wannan takun: ƙafar baya a kafe take, ta gaba kuma ko dai ta tsaya inda take ko ta ɗan matsa kaɗan. Dole ake yin sa idan faifai ya faɗa tsakanin itatuwa, ko a kan gangara, ko ƙasa ta jiƙe tana santsi. Amma babban amfaninsa a wajen koyo yake, domin taku yana rufa wa kuskure asiri, tsayuwa kuwa tana tona shi.

Bayanin nan na mai jifa da hannun dama ne, jifan bayan hannu, wato wanda ake jawo faifai ta gaban ƙirji, bayan hannu yana gaba. Bahago sai ya juya komai.

Fara da zaɓen faifai. Lamba ta farko cikin huɗun da ake bugawa a jikinsa ita ce ta sauri. Ɗauki mai lamba 2 zuwa 5, nauyin giram 165 zuwa 175, ka ajiye masu faɗin baki irin 12 da 13. Waɗancan sai an cilla su da sauri sosai suke tashi yadda aka tsara su. Idan saurin bai kai ba, tun da wuri suke kifewa hagu, har ka kasa gane ko laifin hannunka ne ko na faifan.

Sai tsayuwa. Kafaɗarka ta dama ta kalli kwando, tazarar ƙafafu ta ɗan fi faɗin kafaɗu. Kada ƙafafun su hau layi ɗaya: ja ta hagu baya har yatsunta su yi daidai da diddigen ta dama. Wannan 'yar ratar ce ke bai wa ƙugu damar juyawa, ta kuma buɗe wa faifai hanya miƙaƙƙiya. Ƙafar gaba ta gitta layin jifa, wato kusurwar digiri 90. Idan yatsunta suka kalli kwando, ƙugu ya riga ya buɗe tun ba a fara ba, ƙarfin ya tsiyaye. Ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ka sunkuyo kaɗan daga ƙugu, bayanka a miƙe.

Riƙo ba shi da wuya. Yatsu huɗu a cikin bakin faifai ta ƙasa, babban yatsa a sama, daidai inda baki ya haɗu da farantin. Riƙon ya yi ƙarfi a yatsu, amma damtse ya saki jiki. Sannan ka karya wuyan hannu ƙasa kamar mai shayi yana tsiyaya daga buta, don goshin faifan, wato bakinsa na gaba, ya sunkuya.

Yanzu murɗa jiki baya. Da kafaɗu ake yin wannan, ba da miƙa hannu ba. Juya su har bayanka ya kusa fuskantar kwando, kanka ya bi su, ka daina neman kallon inda za ka jefa. Nauyinka ya taru a gefen ciki na tafin ƙafar hagu. Da zarar ya tsallake zuwa gefen waje, ko kanka ya wuce gwiwar baya, ka yi nisan da ba za ka dawo kan lokaci ba. Hannu ya miƙe a tsayin ƙirji, faifan yana can gefe nesa da jiki. Mutane da yawa sukan kai shi bayan gadon bayansu da tunanin ƙarin tazara ƙarin nisa ne, alhali sun sa jikinsu ya tare wa faifai hanya, dole ya kewaya.

Ga inda nisan yake. Kafin hannu ya motsa ko kaɗan, nauyi ya koma ƙafar dama: yatsu su fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo baya ya danne. A daidai wannan lokacin faifai yana can baya bai taso ba. Ƙafar gaba sai ta turje, ta hana jiki ci gaba da tafiya. Tafiyar da aka tare ita ce ke komawa juyi: ƙugu ya fara, kafaɗu su bi, gwiwar hannu ta shige gaba, faifai ya ratsa kusa da gefen dama na ƙirji, gwiwar hannun a lanƙwashe wajen digiri 90. Daga nan ne hannu zai warware da kansa. Kowace gaɓa tana karɓar sauri daga wadda ta fi ta girma, tana miƙa wa wadda ta fi ta ƙanƙanta, shi ya sa siririn yaro mai tsari yake wuce ƙato mai damtse. Wanda ya fara fizgar hannu kafin diddige ya sauka ya yanke wannan jerin, da tsokar kafaɗa kawai ya yi jifa.

Abu biyu ka kiyaye a nan. Kusurwar da ke tsakanin damtse da ƙirji kada ta gaza digiri 90. Idan damtse ya manne da ƙirji, faifai zai maƙale a bayan jiki, kafaɗa kuma ta sha wahala. Na biyu, kada ka buɗe yatsu don sakin faifai. Shi zai fizge kansa, kuma wannan fizgewar ce ke ba shi juyin da zai riƙe shi a iska. Hannun hagu ya tsaya kusa da jiki, don in ya yi waje yana rage saurin juyawa.

Bayan faifai ya fita, bar jiki ya ƙarasa juyinsa, ƙafar dama ta juya a kan diddige. Wanda ya kafe ta ƙam, gwiwarsa ce za ta biya.

Tashin faifan zai gaya maka kuskurenka. Idan ya yi sama, ya tsaya cak, ya rikito hagu, goshinsa a ɗage ya fita. Sanadin ko dai nauyi ya rage a ƙafar baya, ko wuyan hannu ya miƙe, ko an jawo faifan daga ƙugu zuwa kafaɗa maimakon a layi ɗaya. Wannan ne ya fi cinye wa sababbi nisa. Idan ya fice dama tun daga hannu, kafaɗu sun riga buɗewa, ko faifan ya kewaye jiki. Idan yana karkarwa a iska, wuyan hannu ya mirgina wajen saki. Ciwo a gwiwar hannu kuma alama ce ta jifa da tsoka, a dakata a huta.

Wajen atisaye, filin ƙwallon ƙafa ya isa, tunda tsawonsa kimanin mita 105 ne, layukansa kuma ma'auni ne a shirye. Samu faifai biyar iri ɗaya, ka jefa su da rabin ƙarfi, ka koma ɗaya gefen ka jefo su, don iska ba ta yi maka ƙarya ba: ta gaba tana ɗaga faifai ta karkatar da shi dama, ta baya tana danne shi ƙasa. Kafa waya a gefenka ta ɗauki bidiyo, ka tsayar da hoton a daidai inda diddigen dama ya taɓa ƙasa. In faifai ya riga ya iso ƙirji a hoton, ka yi gaggawa. Gyara abu ɗaya a kowane zama, ba uku ba.

A gasa, dokar PDGA ta ce lokacin saki dole ƙafa ɗaya, ko wata gaɓar da ka dogara a kanta, ta kasance cikin fili mai faɗin santimita 20 da tsawon 30 a bayan alamar inda faifanka ya faɗa. A jifan bayan hannu yawanci ƙafar dama ce. Idan ka fi mita 10 daga kwando, babu laifi jiki ya wuce alamar bayan faifai ya fita. Kada ka ƙara taku a jifanka sai faifai biyar ɗin sun fara sauka kusa da juna, sannan ka fara da taku ɗaya, a hankali.