Yadda ake amfani da kalmar plummet

Masu karanta labaran tattalin arziki da Turanci, ku lura da kalmar plummet, wadda ke nufin faɗuwa da sauri daga sama, babu tsayawa. Asalinta plumbum ne, sunan dalma a Latin, kuma ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14 a matsayin sunan dunƙulen dalmar da magini ke ratayawa a igiya domin ya gane ko bango ya miƙe. Saboda haka kada a yi amfani da ita idan farashi ya sauka sannu a hankali. Ta dace ne da irin rugujewar farashin man fetur a 2020. Wajen rubuta plummeted kuwa, t ɗaya ake sakawa.