Yadda Ake Share Filin da Ciyawa ta Cinye Kafin a Kafa Rumfar Shan Iska

Mutane da dama daga Birnin Kebbi da Argungu sun sha tambaya yadda za a gyara lambu ko bayan gida da ya zama kurmi, domin a kafa rumfa kafin zafin bazara ya kankama a watan Maris. Ga matakan bi da bi.

1. A fara aikin bayan ɗaukewar damina, wajen Nuwamba, kafin ƙasa ta yi tauri.
2. A sa takalmi mai rufe ƙafa har ƙwauri.
3. A bubbuga ciyawar da doguwar sanda kafin a shiga. Hattara: kububuwa da kunama kan fake ƙarƙashin busasshen ganye da tsofaffin tubala, don haka kada a ɗaga komai da hannu.
4. A yanke ciyawa da lauje, a sare ƙananan itatuwa da adda. Idan akwai tumfafiya, a kiyaye ruwanta kada ya shiga ido.
5. A tono saiwoyi da diga. A nan aka fi yin ganganci, alhali kututturen sabara ko geza da aka bari a ƙasa zai sake tohowa a tsakiyar rumfar da zarar ruwan farko ya sauka.
6. A tattara sharar da manjagara, a kwashe ta a baro. Kada a cinna mata wuta kusa da danga ko rumbu, domin iskar hunturu ba ta da tabbas.
7. A rushe duk surin da aka gani, saboda gara ce ke cinye dirkokin rumfa.
8. A kafa turaku huɗu, a ja igiya a tsakaninsu domin a shata inda rumfar za ta tsaya.
9. A baje ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe ta da ɗan gangare yadda ruwan sama ba zai kwanta ba.