Yadda Ake Gano Ko Faifan Ajiya Ne Ke Sa Sautin Kwamfuta Yankewa

Duk mai ɗaukar murya ko haɗa waƙa a kwamfuta ya san takaicin sautin da ke yin ƙas-ƙas ko in'ina ana tsakiyar aiki. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan lasifika ko na'urar sauti, har su kashe kuɗi su sayo sabuwa, alhali sau da yawa matsalar tana wajen direban faifan ajiya, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa faifan da masu gyara ke kira had-dis.

Kwamfuta takan tara sauti a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa kafin ta fitar da shi. Idan an saita bafa ya ɗauki gutsuren sauti 256, ana kuma aiki a 44,100 Hz, wato gutsure 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke cikinsa ba ya kai kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Saboda haka muddin direban faifai ya riƙe firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, fiye da wannan ɗan lokaci, ma'ajin zai ƙare kafin a sake cika shi, kunne kuma ya ji yankewar.

A fara da manhajar LatencyMon, mai nuna sunan direban da ke jawo jinkiri. A bar ta tana aiki kamar minti 10, ana kunna sauti, ana kuma kwafe babban fayil daga wani wuri zuwa wani. Idan storport.sys ko iaStorA.sys ne ke kan gaba wajen jinkiri, to faifan ajiya ne abin zargi. Idan kuwa ndis.sys ne ya fito, matsalar ta bangaren intanet ce, sai a kashe Wi-Fi a sake gwadawa.

In an tabbatar direban Intel ne, wato iaStorA.sys, sai a shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, a musanya shi da Standard SATA AHCI Controller na Microsoft, bayan an kwafe muhimman ayyuka zuwa wani faifan. A nan ina jan kunne ƙwarai: kada a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a juya tsarin haɗin faifai daga RAID ko IDE zuwa AHCI kai tsaye, domin Windows na iya ƙin tashi, ta nuna shuɗin allo mai ɗauke da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Sai an umarce ta ta tashi a Safe Mode, wato yanayin gyara, tukuna, sannan a yi sauyin.

Tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP suna da wata cuta tasu. Idan faifai ya yi kuskuren karatu sau 6, Windows takan rage masa gudu, har ta sauke shi daga tsarin DMA mai sauri zuwa PIO, inda firosesa ce ke ɗaukar dakon bayanai da kanta. Maganin shi ne a cire tashar IDE ɗin da faifan ke kai a Device Manager, a sake kunna kwamfuta.

Kada a manta da lafiyar faifan kansa, musamman a kwamfutar gwanjo. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna wannan: idan adadin kuskuren CRC, wato kuskuren isar da bayanai, yana hawa, yawanci kebul ɗin SATA da ke haɗa faifan ne ya saki ko ya lalace, kuma sauya shi ba tsada. Idan kuwa gurbatattun sassan faifan ne ke ƙaruwa, a kwashe aiki tun bai mutu ba.

Haka kuma a hana faifan barci a Power Options, sannan a raba na'urar sauti da faifan waje, kada su haɗu a marabar USB ɗaya, wato na'urar da ke raba kafar USB ɗaya gida-gida. A soka kowanne a jikin kwamfutar kai tsaye, a sake kunna LatencyMon a gwada sabon sakamakon da na farko.