Yadda ake rainon fulawar okid a cikin ɗaki a nan Kaduna

Okid ɗin da aka fi kawo mana, wadda ake kira Phalaenopsis, asalinta dazukan su Filifin da Indonesiya ne, kuma can ɗin ba a ƙasa take tsirowa ba, jikin bishiya take maƙalewa saiwarta na shan iska. Toh duk rainonta daga nan ya taso.

Da farko ki manta da ƙasa da takin shanu, kashe ta za su yi. Samo gawayi ki farfasa shi kamar girman goro, ki wanke, ki haɗa da ɓawon bishiya, ki zuba a tukunyar roba mai huji da yawa, in da hali irin wadda ake hango saiwa ta jikinta.

Sai wurin ajiya, kusa da windon da ke kallon gabas, bayan labule mara kauri. Ranar Maris da Afrilu in ta daki ganyen kai tsaye ƙonewa zai yi, kuma don Allah kar a sa ta saitin iskar esi.

Ban ruwa kuwa nan ne mutane ke kwafsawa, wai tausayi, kullum sai an zuba. Saiwar za ki duba, in koriya ce shar ki ƙyale ta, in ta koma toka-toka sai ki kai ta bakin famfo da safe ki kwarara mata ruwa ya bi ta hujin ya tsiyaye tas, amma kar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen don ta nan take ruɓewa, in ya shiga ki sa tishu ki tsane. Da damina ki tari ruwan sama, ya fi mata. Takin zamani na ruwa kaɗan ya isa, kwatan abin da aka rubuta a kwalba.

Hunturu da wahala, iska ta bushe ga ƙura. Ki riƙa goge ganyen da tsumma mai laima, ki ɗora tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ruwa ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Amma fa sanyin daren Disamba da Janairu shi ke sa ta fitar da sandar fure, don haka ki bar ta kusa da windo.

Furen yakan kai wata 2 zuwa 3. In ya zube sandar na nan koriya, yanke ta sama da gaɓa kaɗan, wani lokacin ta sake yin reshe. In ta bushe kuma a yanke daga tushe.