Yadda magidanci a Yamai zai rage hayaƙin da gidansa ke haddasawa

Wanda ya kunna fitila a Yamai ba ya ganin hayaƙi a ɗakinsa, amma wani kaso na wutar da yake sha daga injinan tashar wutar lantarki ta Goru Banda yake fitowa, kuma mai suke ƙonawa. Kowace lita ta gazuwal da aka ƙona tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.7, ita ce kuwa kan gaba cikin iskokin da ke riƙe zafi a sararin sama. Saboda haka duk wutar da ba ka ɓarnatar ba, mai ne da ba a ƙona ba.

Sai dai a yawancin gidajenmu, madafa ya kamata a fara dubawa kafin kwanta (mitar wuta) ta kamfanin lantarki na NIGELEC. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafin itace ya tsere ta gefen tukunya, hayaƙinsa kuma yana sa gindinta yin baƙi ƙirin, uwargida kuma tana fifita wuta idanunta na hawaye. Ka sayi ingantaccen murhu na ƙarfe, ko a gina na laka daidai girman tukunyar gidan, a riƙa amfani da busasshen itace, a rufe tukunya da marfi, a kuma jiƙa wake tun dare domin ya nuna da wuri. Idan da hali, a koma ga tukunyar gas, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke samarwa. Gaskiya ne shi ma gas yana fitar da kabon, amma yana ci ba tare da baƙin hayaƙi ba, kuma iccen da ba a sare ba yana nan tsaye a daji yana shan iskar da muke son ragewa.

Bayan madafa sai fitilu. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da na LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa, don haka ƙwai goma da ke ci awa biyar a dare suna shan kilowat-awa 3 idan tsofaffi ne, amma ba su kai rabin kilowat-awa ba idan na LED ne. Firiji kuwa, ka janye shi kaɗan daga bango, ka duba robar ƙofarsa ta hanyar maƙala takarda ka rufe; idan takardar ta zare ba wuya, sanyi yana zuba, a canza robar. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce babbar mai cin wuta a watannin Afrilu da Mayu. Ka tsayar da ita a digiri 26, ka haɗa da fanka, ka wanke matacinta duk lokacin da ƙura ta taru.

Sai ka gama duk wannan sannan ka yi maganar faifan hasken rana, domin a ganina kuskuren mutane da yawa shi ne sayen faifai da batura masu tsada don ciyar da kayan da ke ɓarnar wuta. Rana dai ba baƙuwarmu ba ce: marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana bincike a kanta, an kuma buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a jihar Tahoua a 2018, kafin ta Goru Banda mai megawat 30 ta biyo baya a 2023.

Ka sa gwanin aikin ya lissafa bukatarka ta yini kafin ya faɗi adadin faifai. A kafa su suna fuskantar kudu, da ɗan karkata kusan digiri 15, nesa da inuwar bedi ko tankin ruwa. A lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe gilashin har wutar ta ragu sosai, sai a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan da sassafe, kafin rana ta gasa shi.