Yadda na dawo da alamomin hotunana a digiKam

Na daɗe ina amfani da manhajar digiKam wajen tsara hotunan hawan salla da nake ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, tare da hotunan tsofaffin takardun ajami da dattawan unguwar Birni suka ba ni aro. Kowane hoto na sa masa alama ta shekara da wuri. Da faifan ajiyata na waje ya fara yin ƙara bayan wata ɗaukewar wuta, sai na kwashe komai zuwa sabo, amma da na buɗe manhajar ta nuna mini cewa tarin hotunan babu shi.

Na kusa shigar da hotunan a matsayin sabon tari, amma na ji tsoron kada aikin shekaru ya bi ruwa, domin alamomin ba a cikin hotunan suke ba, suna cikin digikam4.db, fayil ɗin da manhajar ke ajiye bayananta. Daga baya na gane cewa digiKam ba ta gane faifai da sunansa, sai da lambar shaidarsa ta UUID, kuma sabon faifan lambarsa daban ce.

Na fara ajiye kwafin digikam4.db a wani wuri, sannan na shiga sashen Collections, wato na tarin hotuna, a cikin saituna, na sabunta hanyar tsohon tarin ta nufi sabon faifan. Alamomin suka dawo duka. Daga nan na umarci manhajar ta riƙa rubuta alamomin a ƙananan fayilolin bayanai da ake kira XMP kusa da kowane hoto, don kada su dogara ga digikam4.db kaɗai, aikin da ya ci mini dare guda.