Kafin ku rubuta cis ko trans, ku duba wannan

'Yan uwa ɗalibai, kada ku yi gaggawar sa wa alkin (alkene, wato haidurokabon mai ɗauri mai ruɓi biyu tsakanin kabon biyu) suna. Ku fara duba kabon biyun da ɗauri mai ruɓi biyu ya haɗa: dole kowannensu ya riƙe abubuwa biyu mabambanta. But-1-ene ba shi da cis ko trans, domin kabon na farko haidurojin biyu ya riƙe. But-2-ene kuwa yana da su: in CH3 (kabon ɗaya mai haidurojin uku) biyun suna gefe ɗaya cis ne, in sun saɓa trans.

Ni dai na fi son ku saba da E da Z, sun fi aminci. A kan kowane kabon ku zaɓi wanda lambar atam ɗinsa ta fi girma cikin abubuwa biyun da ya riƙe: Br (buromin) 35, Cl (kulorin) 17, C (kabon) 6, H (haidurojin) 1. Manyan biyu a gefe ɗaya Z ne, a gefe daban-daban E.

Nan ake yawan faɗuwa: ba kullum cis ke zama Z ba. A 2-chlorobut-2-ene, in CH3 biyun suna gefe ɗaya, Cl ne babba a kabon na biyu, kuma ya saɓa wa CH3 na kabon na uku, don haka sunansa E.